Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Hanyoyin Rage Rigingimun Kwangilar Gine-ginen Gwamnati A Ƙasar Gwarzo Da Kabo

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Da farko muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ware lokaci domin tattauna wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yawan saɓani da cece-ku-ce da ke biyo bayan kusan kowane aikin gini da gwamnati ta kawo ƙasarmu. Da yawa daga cikinmu mazauna birni ne, sai Sallah ko biki ko rasuwa ke kawo mu gida. Amma duk wanda ya zo ya zauna a majalisa ko da na yini ɗaya ne, a Gwarzo ko Getso ko Kutama, ko a Kabo ko Garo ko Gude, da wuya ya tashi bai ji ƙorafi a kan wani titi da ya tsaya, ko wata rijiyar burtsatse da ba ta ba da ruwa, ko wasu ajujuwa da aka bari babu rufi ba. Kuma a kullum maganar ɗaya ce: an cinye kuɗin.

Babu mai musun cewa akwai inda ake cin kuɗin. Sai dai abin da muka lura da shi a tsawon shekarun da muka yi muna shiga irin waɗannan maganganu shi ne, kaso mai yawa na rigingimun nan daga ƙarancin bayani suke tasowa. Hukumar da ta ba da aiki tana riƙe da wani sashe na labarin, ɗan kwangila yana riƙe da wani, injiniya mai duba aiki yana da nasa, su kuwa mutanen da aka ce don su ake yi, babu abin da ke hannunsu sai jita-jita. A irin wannan duhu mai gaskiya yakan sha zargi, ɓarawo kuma ya sami maɓoya. Wannan shi ne abin da muke so mu yi nazari a kansa a yau.

Abin da muka gani da idonmu

Wasu shekaru da suka wuce, an kira wasu daga cikinmu sulhu a wani ƙauye na wannan yanki, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. Abin da ya faru shi ne, a lokacin yaƙin neman zaɓe an yi wa mutanen ƙauyen alkawarin sababbin ajujuwa uku da ofishin hedimasta da makewayi. Da aka kwana biyu sai ga ɗan kwangila da leburorinsa sun sauke yashi da bulo, suka kama gyaran tsofaffin ajujuwa biyu da iska ta yaye wa rufi. Nan take matasa suka taru suka ce ba su yarda ba, an karkatar da kuɗin ajujuwa uku da ofis an zo ana yi musu kwaskwarima. Suka ƙwace shebur da kwanon kwaɓa siminti, aiki ya tsaya. Aka zargi mai unguwa da cewa an toshe masa baki, aka zargi hedimasta da haɗin baki, har ta kai wasu gidaje biyu da suka haɗa jini sun daina gaisawa. Yara kuwa suna nan a gindin bishiya, ga damina ta kawo kai.

Da muka isa, abu ɗaya muka roƙa, wato a kawo takardar kwangilar a karanta a gaban kowa. Bayan 'yar tirjiya aka kawo. Sai ga shi abin da ke rubuce gyaran ajujuwa biyu ne kawai, babu ofis, babu makewayi. Alkawarin ajujuwa uku bai taɓa shiga kasafin kuɗi ba, a bakin mai neman ƙuri'a ya tsaya. Hedimasta bai taɓa ganin takardar ba sai ran nan, haka shi ma mai unguwa. Kafin a yi sallar la'asar wutar da aka yi mako uku ana hurawa ta mutu.

Amma karatun takardar bai tsaya ga wanke ɗan kwangila ba. Wani ɗan'uwanmu da ya san aikin gini ya duba jadawalin kayan aiki, ya je ya taɓa kwanon da aka sauke, ya ga bai kai kaurin wanda aka rubuta ba. Ɗan kwangila bai yi gardama ba, ya kwashe ya sauyo. Takarda ɗaya ta kawar da zargin ƙarya, ta kuma tono laifin gaskiya wanda duk hayaniyar mako uku ba ta gano ba.

Wuraren da bayani yake yankewa

Idan muka bi aikin gwamnati tun daga tushe har zuwa ranar miƙa shi, za mu ga akwai gaɓoɓi guda biyar da bayani ya fi yankewa a cikinsu.

Gaɓa ta farko ita ce sanin mai aikin. Ginin ajujuwa a ƙauye ɗaya yana iya fitowa daga ƙaramar hukuma, ko daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da kuɗin haɗin gwiwa tsakaninta da ta tarayya, ko daga wata ma'aikatar jiha, ko kuma ya zama aikin mazaɓa da ɗan majalisar tarayya ya sa a kasafi, wata hukuma da ke Abuja ta ba da kwangilarsa. Talaka bai san wannan bambanci ba, shi dai gwamnati ce. Saboda haka idan aiki ya tsaya sai a nufi sakatariyar ƙaramar hukuma da fushi, alhali wataƙila shugabanta ma wucewa ya yi ya ga ana haƙa harsashi kamar kowa. Titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi, wanda ya ratsa ƙasar Kabo, misali ne a gabanmu. Titi ne na Gwamnatin Tarayya, ita ce kuma ta ba da kwangilar faɗaɗa shi a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023. Dukkanmu ta kansa muka biyo muka zo wannan taro. To amma mu tambayi kanmu, mutum nawa ne a wannan zaure ya taɓa ganin takardar da ta nuna tsawon aikin, da wa'adinsa, da ofishin da za a kai wa kuka idan wani abu ya taso?

Gaɓa ta biyu tana zuwa tun kafin a ba da kwangila, a lokacin zane da ƙiyasi. Sau da yawa akan zana aiki a ofis a birni ba tare da an taka wurin sosai ba, balle a tambayi mutanen da suka shekara hamsin suna kallon inda ruwa ke bi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin da gonarsa ke bakin rafi ya san iyakar inda ruwan Agusta yake kaiwa, amma ba a tambaye shi ba. Sai an fara aiki a tarar kwalbatin da aka zana ya yi ƙarami, ko a tarar da dutse inda aka yi zaton ƙasa ce. Daga nan ɗan kwangila zai nemi ƙarin kuɗi, hukuma ta ce ba ta san zancen ba, aiki ya tsaya ana musayar wasiƙu. Haka abin yake a rijiyar burtsatse. Ƙasarmu ta yammacin Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta a cikin tsage-tsagen dutsen yake, don haka ba ko'ina aka haƙa ake samunsa ba. Idan ba a yi awon ƙasa kafin haƙa ba, kuma takarda ba ta fayyace wanda zai ɗauki asara idan rijiya ta fito a bushe ba, to an shuka rigima tun ba a tayar da inji ba.

Gaɓa ta uku ita ce diyya, kuma ita ce ta fi raba zumunci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da mutum ya yi a kan ƙasar ce, kamar gini da shuka da itatuwa masu amfani, ba kuɗin ƙasar a farashin kasuwa ba. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba. Mai gona yana lissafin abin da dillali zai saya, jami'in ƙiyasi yana ƙirga mangwaro da ɗorawa. Idan aka haɗa da cewa ba a kafe sunayen waɗanda za a biya a fili, ba a kuma faɗi ma'aunin da aka bi ba, sai kowa ya ɗauka maƙwabcinsa ya fi shi samu saboda yana da hanya. Gonar gado kuwa, wadda magada goma ke da haƙƙi a ciki amma sunan mutum ɗaya aka rubuta, ita kaɗai ta isa ta kai 'yan uwa ɗaya uba ɗaya gaban alƙali.

Gaɓa ta huɗu ita ce biyan kuɗi. Idan aka ji a rediyo an ba da kwangilar naira miliyan kaza, jama'a sukan ɗauka an ƙirga kuɗin an damƙa wa ɗan kwangila. Ba haka tsarin yake ba. Abin da akan fara ba shi kafin alƙalami ne, sauran kuma sai ya yi aiki, injiniya ya auna ya ba da takardar shaida, sannan a biya shi daidai abin da ya yi. A ƙarshe ma akan riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, har sai an ga ginin ya yi wata shida ko shekara bai nuna aibi ba. Saboda haka idan katafila ta bar wurin aiki, yana yiwuwa ɗan kwangila ne ya gudu da kafin alƙalami, yana kuma yiwuwa shi ne yake bin gwamnati bashin takardun shaida biyu ko uku. Daga bakin titi ba a iya bambance waɗannan biyun. Ga kuma hauhawar farashi. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira a Yunin shekarar, buhun simintin da ake saye a kan naira 5,000 ko ƙasa da haka ya haura naira 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024. Duk kwangilar da aka ƙiyasta kafin lokacin, kuma ba a rubuta yadda za a yi idan farashi ya tashi ba, ta zama abin jayayya.

Gaɓa ta biyar ita ce sauyin gwamnati. A zamanin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin gina titi mai tsawon kilomita 5 a ƙananan hukumomi 44 na jihar. Mulkin ya ƙare da dama daga cikinsu ba a kammala ba. Gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje da ta karɓa a 2015 ta koka da ɗimbin bashin da ta ce ta gada, magoya bayan wadda ta gabata kuma suka ce da gangan aka yi watsi da ayyukan. Gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf da ta zo a 2023 ta sake waiwayar wasu daga cikinsu. Ba mu tsaya a nan domin mu yanke wa kowa hukunci ba, wannan zaure ya tara 'yan kowace jam'iyya. Abin lura shi ne, an shafe fiye da shekara goma ana wannan muhawara a gidajen rediyo da majalisu, amma a cikin masu muhawarar da wuya ka sami wanda zai iya cewa ga adadin da aka ba da titin garinmu, ga abin da aka biya, ga abin da injiniya ya auna. Da waɗannan lambobi uku suna kafe a ƙofar kowace sakatariya tun ranar farko, da rabin gardamar bai taso ba.

Abin da doka ta tanada

Wani zai ce ai waɗannan takardu sirrin gwamnati ne, wa zai ba mu? Amsar ita ce doka ta riga ta ba mu, mu ne ba mu karɓa ba.

Tun a 2001 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa ofishin tantance farashin kwangiloli a fadar shugaban ƙasa, wanda Madam Oby Ezekwesili ta yi suna a cikinsa. Daga wannan ofishi aka kai ga Dokar Bayar da Kwangiloli ta Tarayya, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yunin 2007, ita ce kuma ta kafa hukumar BPP. Dokar ta hau kan dukkan hukumomin tarayya, da kuma duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa daga asusun Gwamnatin Tarayya ya fito. Daga cikin abubuwan da ta tanada akwai cewa kada a ƙulla kwangila sai an tabbatar tana cikin kasafi kuma akwai kuɗinta. Ta ce a tallata aiki a jaridu domin duk mai sha'awa ya nema, a kuma buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, a gaban su masu neman da duk wanda ya ga dama ya halarta. Ta wajabta a gayyaci 'yan kallo biyu masu zaman kansu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyoyin sa-kai masu sa ido. Ta ce takardun kwangila waɗanda ba na sirrin tsaro ba, kowa yana da ikon ya duba su idan ya biya kuɗin kwafi. Ta ƙayyade kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin 100, kafin gyaran da aka yi a Dokar Kuɗi ta 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida. Ta kuma ce idan biyan ɗan kwangila ya wuce kwana 60 bayan an tabbatar da takardar shaidarsa, to an yi masa jinkiri, kuma yana da haƙƙin a biya shi ƙari a kan haka. Shi ma mai neman kwangilar da yake ganin an zalunce shi, an ba shi kwana 15 na aiki ya kai kuka ga shugaban hukumar, daga nan ya wuce BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Jihar Kano ita ma ta yi tata dokar bayar da kwangiloli a 2021.

Sai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ita wannan ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, hukumar kuma ta amsa cikin kwana 7. An daɗe ana jayayya a kan ko dokar ta shafi jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Har ila yau, a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin ta yi hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk lokacin da wannan ya tabbata sosai a aikace, kwangilolin da za a riƙa bayarwa a sakatariyar Gwarzo da ta Kabo za su ƙaru, bukatar sa ido kuma ta ƙaru tare da su.

Akwai kuma masu taimakawa a intanet. Wata ƙungiya mai zaman kanta a Abuja ta buɗe shafin bin diddigin kwangiloli ta sa masa suna Budeshi, daga kalmarmu ta Hausa, buɗe shi. Ƙungiyar BudgIT tana da shirin Tracka na bibiyar ayyukan mazaɓu, hukumar ICPC ma ta fara nata binciken ayyukan mazaɓun a 2019. Abin kunya ne a ce wasu sun ari harshenmu sun raɗa wa aikin suna, mu masu harshen ba mu leƙa ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

Misalai biyu daga waje za su nuna mana ƙarfin bayani da kuma iyakarsa. A ƙasar Yuganda, bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 ne kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa makarantun firamare yake isa gare su. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma umarci makarantu su riƙa kafe abin da suka karɓa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Akwai wasu gyare-gyare da suka taimaka, amma kafe lambobin nan a idon iyaye ya yi tasiri ƙwarai.

Misali na biyu ya fi kusa da zancenmu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Benjamin Olken, ya yi nazari a kan ayyukan titunan ƙauye fiye da 600 a Indunisiya, ya buga sakamakonsa a 2007. Bayan an gama kowane titi sai ya tura injiniyoyi su haƙa su auna yawan dutse da yashin da aka zuba, a gwada da abin da aka rubuta an kashe. Ya tarar cewa a ƙauyukan da aka sanar tun farko cewa lallai masu binciken kuɗi za su zo, kuɗin da ke salwanta ya ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 na kuɗin aikin. Amma inda aka tsaya ga yawaita gayyatar mutane taron gari kawai, ragin bai taka kara ya karya ba. Dalilin a fili yake. Taro yana iya gane leburan da ba a biya ba, amma ba ya iya gane ko tsakuwar da ke ƙarƙashin kwalta ta kai kaurin da aka rubuta. Wannan sai mai ilimin abin. A nan ne, 'yan'uwa mazauna birni, maganar ta dawo kanmu.

Abin da ya rage gare mu

Allah ya albarkaci wannan yanki da injiniyoyi, da masu zanen gini, da masu ƙididdigar kayan gini, da safiyo-safiyo, da lauyoyi, da akantoci, da tsofaffin ma'aikatan gwamnati da suka san yadda fayil yake tafiya daga tebur zuwa tebur. Iyayenmu da suka sayar da gyaɗa da auduga suka sa mu a makaranta suna da haƙƙi a kan wannan ilimi. Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka.

Na ɗaya, ƙungiya ta kafa kwamitin ƙwararru na sa-kai, a raba musu mazaɓu 10 na Gwarzo da 10 na Kabo, kowace mazaɓa ta san wanda za ta kira. Duk ɗan kwamitin da yake da hannu a wata kwangila, ko ɗan'uwansa na jini yake da shi, ya faɗa tun da wuri ya janye daga duba wannan aikin.

Na biyu, mu roƙi shugabannin ƙananan hukumominmu da wakilanmu na jiha da na tarayya su amince cewa kowane aiki, kafin a sa diga a ƙasa, za a yi zama a ƙofar gidan dagaci, a gabatar da ɗan kwangila da injiniya mai duba aiki, a karanta abin da ke cikin kwangilar da Hausa, a kuma saurari dattawa a kan hanyar ruwa da maƙabarta da burtali. A wannan zama a amsa tambayoyi bakwai: Wace hukuma ce ta ba da aikin? Wane kamfani aka ba, kuma wane ne wakilinsa a wurin? Mene ne ainihin aikin, tsawonsa da faɗinsa da adadinsa? Nawa ne kuɗinsa, nawa aka biya zuwa yau? Yaushe za a fara, yaushe za a gama? Su wa za a biya diyya, a kan wane ma'auni? Idan an ga ba daidai ba, wa za a gaya wa? A rubuta amsoshin da boko da ajami, a kafe a wurin aikin da ƙofar gidan dagaci. Allon da aka saba kafawa da Turanci, mai ɗauke da sunan hukuma da na kamfani kawai, bai wadatar ba.

Na uku, wannan mujalla tamu ta ware shafi biyu duk shekara domin jera ayyukan gwamnati da ke gudana a yankin, da matsayin da kowanne yake, tare da hoto da kwanan wata. Gwamnati takan sauya, jami'i yakan yi ritaya, fayil yakan ɓace, amma abin da aka buga a mujalla yana nan a gidajenmu.

Na huɗu, inda aka hana mu bayani, sakataren ƙungiya ya rubuta wasiƙa cikin ladabi bisa dokar 2011, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan takardu suka nuna an yi almundahana, a kai su ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ko ICPC idan aikin tarayya ne. Ƙorafin da ya zo da takarda da awo ya fi wanda ya zo da ihu saurin samun kunne.

Na biyar, mu gyara namu halin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mazauna birni mun fi kowa saurin ɗaukar hoton ginin da ya tsaya mu watsa a Facebook da WhatsApp tare da kiran sunan mutum ɓarawo, alhali ba mu tambayi kowa ba. Magana zarar bunu ce, kuma wanda muka ɓata yana da 'ya'ya a garin nan. Haka nan masu tare ɗan kwangila su ce sai ya ba su nasu kason kafin ya sauke kaya, da masu kwashe rodi da siminti da dare, su sani duk abin da suka karɓa daga jikin ginin ake yanko shi, kuma 'ya'yansu ne za su zauna a ƙarƙashin rufin.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, ba mu ce bayani zai hana mai niyyar sata yin sata ba. Abin da muka ce shi ne zai rage masa wurin ɓuya, zai kare mutuncin ma'aikaci da ɗan kwangilar da suka tsaya a kan gaskiya, zai kuma hana 'yan'uwa su yi gaba a kan abin da babu ɗayansu da ya gani a rubuce. Shawarwarin nan ba sa bukatar sabuwar doka, kuɗin da za su ci bai wuce na takarda da man mota ba. Muna roƙon kada a tashi daga wannan zaure sai an rubuta sunayen waɗanda suka yarda su shiga kwamitin ƙwararru, a kuma sa ranar zamansu na farko kafin faɗuwar damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan Allah ya kai mu taron baɗi, muna fata mu buɗe wannan mujalla mu ga jerin ayyukan Gwarzo da Kabo, kowanne da adadinsa da wa'adinsa da matsayinsa.